Reno Zammit da Murjanin Yayansa

Duk wanda ya san Reno Zammit a garin Mackay da ke jihar Queensland, abu na farko da zai gaya maka shi ne mutumin nan ba ya zama. Ko a coci, kafin Fada ya kai tsakiyar wa'azi Reno ya miƙe ya gyara taga, ya leƙa waje ya ga ko ya bar fitilun motarsa a kunne, ya dawo ya sake benci. Tun yana yaro a gonar raken ubansu haka yake. Kakarsu, wadda ta zo daga Malta da ƙuruciyarta kuma har ta mutu ba ta yafe wa zafin Queensland ba, sai ta dafe masa kai da hannu ɗaya sannan take iya ba shi abinci da ɗayan.

Da ya girma abin bai ragu ba, fili kawai ya ƙara samu. Ya yi kanikanci ya bari. Ya ja babbar mota zuwa mahaƙar kwal ya bari. Ya buɗe shagon gyaran injin yankan ciyawa, mutane suka daina zuwa, domin in ka kawo a sake maka igiya sai ka dawo ka tarar ya warware injin gaba ɗaya, wai ya ji wani ƙara da shi kaɗai ke jin sa. Aikin da ya fi daɗewa a kai shi ne tuƙin ɗan jirgin ƙasan da ke kwaso rake daga gonaki zuwa injin sukari, shi ma don jirgin ba ya tsayawa ne. Matarsa Glenys, wadda ta yi aikin kicin a makarantar firamare har ta yi ritaya, takan ce gida ɗaya ta zauna tun aurensu, amma ba ta taɓa samun gwangwanin sukari a inda ta ajiye shi ba. Ba mugu ba ne fa. In motarka ta mace a hanyar Sarina, Reno ne zai fara tsayawa. Illar dai ita ce bayan ya tayar maka da ita sai ya ce bari ya ɗan duba birki.

Yayansa Salvu kuwa kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Salvu mai nutso ne. Yana da lasisin ɗebo murjani mai rai daga teku, yana sayar wa masu kiwonsa a tankunan gilashi na ruwan gishiri. Shi da abokiyar aikinsa Noela, wadda ke riƙe da kwale-kwalen, sukan yi kwanaki a bayan tsibirai, kuma Noela ta rantse akwai tafiyar da duk maganar da Salvu ya yi ita ce "miƙo min gishiri". Yana iya tsugunawa gaban dutse ɗaya a ƙasan ruwa har tukunyar iskarsa ta kusa ƙarewa, kallo kawai yake yi.

A ɗakin ƙasan gidansa yana da tanki guda, a cikin tankin kuma akwai murjani guda da bai taɓa yarda ya sayar ba. Ya kawo shi bai wuce babban yatsa ba, daga wani tudun murjani can nesa da shi da Noela kaɗai suka san hanyarsa. Shekaru suka wuce, ya yi rassa kamar ƙaramar bishiya, ya cika rabin tankin. Jikinsa ruwan ƙasa ne da ɗan kore-kore, kan kowane reshe da ɗigon shunayya. Ba wani kyau na a-zo-a-gani ba ne. Amma wata shekara teku ta yi zafin da ba ta saba yi ba, da Salvu ya koma tudun nan ya tarar komai ya yi fari fat ya mutu. Ya dawo gida ya zauna gaban tankin, ranar ko shayi bai sha ba. Daga nan, iyakar saninsu, abin da ya rage na wancan wuri a duniya shi ne wanda ke cikin gilashin nan.

Masu kiwon murjani suna da wata al'ada. In kana da wanda kake ji da shi, ba ka riƙe shi kai kaɗai. Sai ka sa filaya ka karyo reshe, ka manna shi da gam a kan ɗan dutse, ka kai wa wani ya raina a tankinsa. Ranar da naka ya mutu, kuma kowa nasa yana mutuwa wata rana, sai ka je a karyo maka. Salvu ya bi al'adar, ya ba Noela reshe, amma guguwa ta zo aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, duk abin da ke tankinta ya ruɓe. Ya ce zai sake ba ta in ta gama gyara. Kafin ta gama, ciwo ya kwantar da shi.

Rana ce ta ci Salvu. Wanda ya yi rayuwarsa tsakanin gonar rake da kwale-kwale, ba riga ba hula, a garin nan mun san yadda yake ƙarewa. Wani baƙin tabo ya fito masa a kunne, likitoci suka yanke. Ya fito a kafaɗa, suka yanke. Aka yanki hanci, aka yanki gadon baya, aka ɗebo fata daga cinya aka toshe. Reno ne ke kai shi asibiti ya dawo da shi, kowace tafiya kuma sai an rage wani abu a jikin yayansa.

A kwanakinsa na ƙarshe, Reno yana ta kai da kawowa a ɗakin, ya ɗaga kan gado ya sauke, ya juya fanka nan ya juya can, sai Salvu ya buɗe ido.

"Kai, zauna."

Reno ya ɗosana a bakin kujera.

"Tankin nan kai na bar wa."

"Ni? Yaya, ba Noela ba?"

"Noela ta fi ka iyawa nesa ba kusa ba. Amma kai ne ba ka da abin yi." Ya numfasa. "Ka sake ruwa. Ka goge gilashi. Ka fita. Kada ka taɓa komai, Reno. Ka ji ko? Komai."

Ranar da aka binne Salvu, ana cin miyar zomo da gasasshen burodin cuku a zauren coci, Noela ta sami Reno a gefe.

"Ƙanin Salvu, in an kai tankin gidanka zan zo da filaya. Reshe biyu kawai."

Reno ya ajiye farantinsa. "Ba mai sa masa filaya."

"Haba, kai ma ai ka san al'adar. Shi kansa ya ce min..."

"An yanke shi ya isa, Noela. Yankan ya isa haka."

Noela mace ce mai baki, jikar mutanen tsibirai da aka kawo yankan rake tun zamanin da, ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba. Amma ta dubi idonsa ta ga ba murjani yake nufi ba, sai ta ɗauki farantinta ta wuce.

Aka kwashe tankin zuwa ɗakin ƙasan gidan Reno, wanda yake rabin gareji rabin ma'aji, tare da fitilarsa. Fitilar Salvu tsohuwa ce, ƙaton ƙwai guda cikin kwanon ƙarfe da aka rataye da sarƙa. Tana huci, tana ƙugi, haskenta fari tas kamar tsakar rana, in ka tsaya ƙarƙashinta sai ka ji ƙeyarka tana ɗumi. Shi murjani da haske yake rayuwa. Akwai wasu ƙananan tsirrai a cikin namansa, su ke ba shi launi, su ke ci da shi daga hasken da suka samu. Duk girman da murjanin Salvu ya yi, a ƙarƙashin wannan ƙwan ya yi shi.

A faɗi gaskiya, Reno ya riƙe amana. Ya yi wa ɗakin fenti, ya sake, ya kuma sakewa. Ya sauya wa kantoci wuri, ya rataya madubi ya cire, ya shimfiɗa kafet ya naɗe. Duk abin da ke kewaye da tankin ya sha wuya a hannunsa, tankin kuwa ruwa yake sakewa, ya goge gilashi, ya fita yana waige. Glenys ta gaya wa matan coci cewa abin da ita da Fada da likita suka kasa, Salvu ya yi shi daga cikin kabari.

Sai damina ta matso, wadda a garin nan wajen Kirsimeti take faɗuwa. Wata rana da la'asar tsawa ta faɗi kusa, wuta ta ɗauke ta dawo, fitilar Salvu ta yi wani fas ta mutu, ƙauri ya cika ɗakin. Reno ya warware ta a kan tebur, wannan karon da dalili, ya ga cikinta ya ƙone ƙurmus. Mai shagon kayan tanki ya ce ya daina kawo irinta tun tuni. To fa. Dole a zaɓi sabuwa, kuma Salvu bai bar magana a kan wannan ba.

Kafin rana ta faɗi Noela ta iso da wata fitila da take ajiya, mai dogayen ƙwayaye.

"Rataya wannan. Ta kunna kanta da safe, ta mutu da yamma, shi ke nan. Ba ta da abin murɗawa, shi ya sa na kawo maka ita."

"Wannan ai fitilar kicin ce."

"Shi murjanin ya gaya maka ya taɓa shiga kicin?"

Ya rataya, amma ransa bai kwanta ba. Amanar Salvu, a ƙarƙashin fitilar aro? Ya shiga yawon neman shawara. Ya je taron masu tanki da ake yi a zauren kulob, wannan ya ce farin haske, wancan ya ce shuɗi, wani likitan haƙori ya ce a haɗa, har aka kusa dambe a kan teburin giya. Ya dawo gida ya fi yadda ya tafi ruɗewa. Ya zaɓi ɗaya da safe, ya fasa kafin azahar, ya kama wata, ya tuna abin da wani ya ce a kanta ya sake ta.

Ran da ya koma shagon, mai shagon ya nuna masa wata sabuwa, siririya kamar faranti, ba zafi ba ƙugi. Da waya ake sarrafa ta, ya ciro wayarsa ya shafa, hasken ya yi ja-ja kamar asuba. Ya sake shafawa, rana ta take. Ya sake, girgije ya wuce. Har walƙiya tana yi. Kowane launi da nasa layin da za ka ja sama ko ƙasa da yatsa. Reno ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa.

Mai shagon bai cuce shi ba. Ya ce fitilar tana da kyau, kuma gaskiya ya faɗa, mutane da dama a garin nan da ita suke kiwo lafiya lau. Ya ce masa ya fara da kaɗan, ya ƙara ɗan mitsitsi bayan an kwana biyu, sannan ya sa wayar a aljihu ya manta da ita. Ya bi shi har bakin mota yana maimaitawa. Reno yana cewa to, to, yana kokawa da bakin kwalin.

Glenys ta tsaya a kan matakala ta ga yana shafa waya, ɗakin yana sauya launi.

"Shi ke nan," in ji ta. "Wane marar imani ne ya sayar wa mijina abu mai maɓalli?"

"Ke dai ba ki san ci gaba ba."

"Na san ka, tsoho. Wannan ya ishe ni."

Ga inda abin ya fara. Idon Reno ya saba da fitilar Salvu mai kashe ido. Ita sabuwar yawancin haskenta shuɗi ne, shuɗi kuwa a idon mutum duhu-duhu ne, ko da ƙarfinsa ya isa ya gasa murjani. Reno ya dubi tankin ya ga kamar magariba ta yi. Ya ce yunwa zai kashe abin nan da ita. Ya ja layi sama kaɗan. Ya hau bene ya sha shayi, ya sauko ya ga har yanzu da duhu, ya ƙara. Washegari ya karanta wani abu da ya tsorata shi ya rage. Jibi ya karanta wani ya ƙara fiye da da. A wurin aski ya ƙara. A layin kantin magani ya rage ja ya ƙara shunayya. A coci Glenys ta ƙwace wayar ta jefa a jakarta, ya yi ta mutsu-mutsu har aka tashi. Murjanin da ya yi shekaru yana ganin rana iri ɗaya kullum, yanzu bai san da wacce zai wayi gari ba.

Ba wasa ne yake yi ba, tsoro ne. Duk sanda ya tuna da Salvu sai hannunsa ya nemi abin yi, ga abin yi kuwa a aljihu.

Daga baya ya lura hasken rana da ke shigowa yana hana shi ganin ainihin aikin fitilarsa. Ya toshe taga da kwali, ya sauke ƙofar ƙarfe ta garejin, ya ce kada wanda ya kuskura ya ɗaga. Ɗakin ya koma shuɗi zalla.

A cikin shuɗin nan ne murjanin ya fara ƙyalli. Ruwan ƙasan ya tafi, wani kore mai ɗaukar ido ya fito, kan rassan suka yi kamar an kunna musu wuta daga ciki. Tun da Salvu ya kawo shi bai taɓa yin kyau haka ba. Reno ya tsaya gaban gilashin hawaye na zubo masa. Ya ce a ransa, Yaya, ka gani? Sau ɗaya dai na taɓa abu ya gyaru.

Ya ɗauki hoto ya tura wa duk wanda ya sani, har 'yarsu da ke Brisbane. Yabo ya yi ta shigowa. Noela kaɗai ta bugo waya.

"Kashe shuɗin nan ka sake ɗauko min a farin haske."

"Don me?"

"Kai dai ɗauko."

"Noela, in reshe kike so ki fito fili ki faɗa. Ba sai kin kushe ba."

"Ni ce mai kushe? Reno, saurare ni, murjani in ya ji wuya..."

Ya ce mata wani yana kiran sa, ya katse. Ba wanda ke kiran sa.

Ana gab da Kirsimeti, Glenys ta sauko da safe neman dogon teburin da ake shimfiɗa wa jikoki a gindin mangwaro. Teburin ba ya fita ta matakala. Reno yana can lambu yana sake wa tiyo wuri, sai ya ji ƙarar ƙofar ƙarfe tana hawa sama. Ya yar da tiyon ya sheƙo a guje.

"Glenys! Na ce kada a..."

Ba ta juyo ba. Rana ta shigo ta kwanta a kan tankin, ta shanye shuɗin nan kaf.

"Reno," ta ce a hankali, "da ma fari ne?"

Fari ne fat, kamar alli. Koren nan da ya yi ta tura wa mutane babu shi, sai ɗan dishi-dishi a kan rassa. A gindi kuwa fatar murjanin tana saɓulewa, tana tashi cikin ruwa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ƙashin yana fitowa tsirara. Reno ya ciro waya ya ja duk layukan ƙasa, ya ga duhu ya tsorata ya mayar da su sama, ya sake saukewa. Glenys ta hau bene ta kira Noela.

Noela ta iso da a-kori-kurarta, silifa a ƙafa, bokiti a hannu. Ta durƙusa ta dubi gindin, ta ɗora yatsa a gilashi daidai inda saɓulewar ta tsaya. Ba ta yi masa gori ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Haka tudun nan ya yi," ta ce. "Kafin tudun ya mutu ni da yayanka mun wuce ta kansa, kore da shunayya kamar ana biki. Na ce Salvu, dubi kyau. Ya ce min ba kyau ba ne, ihu yake yi."

"Zan rage hasken. Zan mayar da fitilarki. Zan sake ruwa, ina da gishiri, yanzu-yanzu zan..."

"Da fari kawai ya yi, da sai mu rage mu jira, wani lokaci yana dawowa. Wannan saɓulewar ba ta jira. Daga gindi take hawa, kafin gobe ta cinye shi. Abu ɗaya ya rage." Ta ciro filaya daga bokitin ta ɗora a kan tebur.

"A'a."

"A karyo kan rassan da ke da sauran rai, sama da inda ciwon ya kai. Ko mu tsira da yatsa, ko mu rasa duka."

"Na ce a'a! Cewa ya yi kada in taɓa komai!"

"Yau ka tuna?" in ji Glenys daga kan matakala. Tana faɗa ta rufe bakinta da hannu, amma maganar ta riga ta fita.

Reno ya fice ya zagaya gidan ya dawo. Ya ɗauko buhun gishiri ya fara haɗa ruwa ya bari. Ya hau bene ya sauko bai san abin da ya je ɗauka ba. Ya ciro ƙonanniyar fitilar Salvu daga kwali yana jujjuya wayoyinta, kamar in ya dube su da kyau za su farfaɗo. Matan biyu suka ƙyale shi. Glenys ta kawo shayi ba wanda ya sha. Noela tana durƙushe a inda take, yatsanta a gilashi. Da ya sake shigowa ta ce, "Zo ka gani." Farin ƙashin ya wuce yatsanta da gaɓa guda.

Mutumin da ya warware injin duk wanda ya taɓa kawo masa gyara ya tsaya yana kallon filaya kamar bai taɓa ganin irinta ba. Ba filayar yake gani ba, kunnen Salvu yake gani da bandeji, da yadda yake shiga mota a karkace don kada bayansa ya taɓa kujera.

"Bari in yi," in ji Noela. "Kai hau sama."

"A'a. Ni na jawo, ni zan yi."

Ya tsoma hannu har kafaɗa. Ya kai filayar kan reshe na farko. Noela tana nuna masa wuri ta bayan gilashi. "Nan. Ƙara sama. Kada ka yi rowa, bar wa ciwon rabonsa." Ya matse. Ƙas! Ƙarar ta ratso ruwa har cikin haƙoransa. Ya miƙo reshen, ya koma ya kama wani. Haka ya bi bishiyar nan reshe-reshe, yana karya yana kuka ba kunya, ruwan gishiri na bin hammatarsa yana jiƙa riga. Yawancin rassan tun a bokiti fatarsu ta saɓule. Da rana ta take, uku suka rage da nama a jikinsu, babu wanda ya wuce babban yatsa, daidai yadda Salvu ya kawo shi.

Noela ta manna kowanne a kan ɗan dutsensa. "Ɗaya nawa. Ɗaya in kai wa likitan haƙorin nan, surutu gare shi amma tankinsa a natse yake. Ɗaya naka. Mu mayar da doguwar fitila, mu sa shi can ƙasa a inuwa."

Reno ya goge hannu a wando. Ya dubi ɗan reshen, ya dubi wayarsa da ke kan tebur.

"Tafi da su duka."

"Kada fushi da kanka ya sa ka..."

"Ba fushi ba ne. Na san hannuna, Noela. Yau zan rantse, jibi in ce bari in ɗan matsar da shi."

Aka ci Kirsimeti a gindin mangwaro. Sabuwar fitilar ya kyautar wa wani ɗan kulob, tana can tana aiki lafiya har yau. Farin ƙashin murjanin ya shanya shi ya ɗora a kan kanta a falo, kuma Glenys ta ce shi ne abu ɗaya a gidan da take samu kullum a inda ta bar shi. Ban da wannan, Reno yana nan yadda aka san shi. Ya tuge shingen gida ya sake kafawa. Ya warware injin wankin Glenys da bai yi laifin komai ba. Tankin yana ƙasa ba komai a ciki, yana goge gilashinsa kowace safiya.

Kowace Lahadi in an tashi coci sai su biya gidan Noela. Dokar gidan ita ce wayarsa ta tsaya a kwanon mangwaro a kicin. Cikin rassan nan uku ɗaya ya mutu, na likitan haƙori ya kama, na Noela ya daɗe fari-fari kamar ba zai yi ba. Sannu a hankali ruwan ƙasa ya dawo masa. Gindinsa ya malala ya rufe gam, ya kama dutse. Wata Lahadi aka ga ɗigon shunayya a kansa.

"Ba kya ganin a ɗan sauko da fitilar nan?" Reno yakan ce, yana tsaye yana sauya ƙafa.

"Sha shayinka, ƙanin Salvu."

Damina ta sake zuwa ta wuce, wata ma ta zo. Ɗan yatsan nan ya yi rassa kamar buɗaɗɗen hannu. Wata Lahadi Glenys ta riga shi fita ta shiga mota, shi kuma yana shirin miƙewa daga kan akwatin da yake ɗosana a kai, sai ga Noela da filaya da 'yar leda mai ruwa.

"Al'ada ce," in ji ta. "Naka ya mutu, ka zo a karyo maka. Zaɓi reshe."

Reno ya dubi murjanin. Yana so, Allah Ya sani yana so. Tun kafin ta rufe baki ya riga ya ga inda zai ajiye shi, da dutsen da zai sa a gefe, da yadda zai ɗan juya shi ya fuskanci ƙofa. Hannunsa na dama ya ɗaga da kansa ya doshi gilashin. Ya bi shi da kallo. Sai ya janyo shi, ya cusa hannayen biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.

"Bar shi. Yana jin daɗin nan."

"Reno..."

"Ki dai bar ni in riƙa zuwa."

Noela ta mayar da filayar aljihu ta koma kicin. A waje Glenys ta danna hon. Ta jira, ta sake dannawa. Tun da suka yi aure ba ta taɓa zama a mota tana jiran sa ba, kullum shi ne a ciki da injin a kunne yana ƙwala mata kira. Har ta tsorata ta fito ta ga ko lafiya. Ta same shi zaune a kan hannayensa gaban tankin, shayi ya huce a gefen ƙafarsa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗan jima, sannan ta janyo wani akwatin ta zauna kusa da shi.